Bututun da Na Binne a Gindin Rumbun Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, ni ne kuma na fara shiga makarantar boko, kuma waɗannan abubuwa biyu ne suka haɗu suka cinye mana hatsin shekara guda. Na daɗe ina ɗora laifin a kan bututu, da gara, har da mutumin da ya sayar mini da kayan. Yanzu na gaji da yaudarar kaina. Laifina ne, kuma zan faɗi abin yadda ya faru.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da 'Yankara, a ƙasar Faskari. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara, ina zuwa gida duk ƙarshen mako a kan babur idan hanya ta yi lafiya. A shekarar da nake magana ba kullum take lafiya ba. Gonarmu ta daji, wadda ita ce babba, ko kunya ɗaya ba a ja a cikinta ba, don babu mai ƙarfin halin kai shanun huɗa can. Kowa a yankinmu ya san dalili. Abin da muka samu daga gonar bayan gida ne kawai: dawa, da ɗan gero da masara. Gero da masara aka zuba a buhuna aka jingine a ɗakin Inna, mahaifiyata, da su za a lallaɓa a ci rani. Dawar kuwa Baba ya jera ta dami-dami a cikin babban rumbu, ya ɗora zangarniyar iri a sama, ya shafe bakin da laka, aka kifa jinka.

Dokar rumbun nan ta girme ni. Ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da hatsi ke ɓuya a kasuwa, ga aikin gona ga yunwa. Baba kaɗai ke buɗewa. Mace ba ta leƙa shi, ba ta tambayar abin da ke ciki, ba ta ma kawo zancensa. Inna ta fi shekara arba'in tana share gindinsa kowace safiya, amma ba ta taɓa ganin cikinsa ba. A wannan shekara rumbun shi ne abincin daminar gidan gaba ɗaya: Baba da Inna, da matar ƙanena da 'ya'yanta, shi ya tafi ci-rani, da wata gwaggonmu da ta gudo daga ƙauyensu da jikokinta. In rumbun ya tafi, babu na biyu.

Akwai kuma wata dokar da ta shafe ni ni kaɗai. Saboda ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗar sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ci abinci, sai ta fuskanci bango ta ce, "Ga tuwo nan shina hucewa, mai shi bai gani ba." In ina ciwo, turmi take tambaya ko mai jiki ya sami sauƙi. Da wannan yare na tashi, kuma ina yaro na iya shi ƙwarai. Da na yi karatu na zauna a gari, sai kunnena ya toshe, na koma ganin abin ƙauyanci ne da ɓata lokaci.

Abin da ya fara tayar mini da hankali gwiwoyinta ne. Rijiyar unguwa tana ƙofar gidanmu, madafa kuwa tana can ƙarshen gida. Wata Asabar bayan kaka na zauna a zaure na ga Inna ta ɗauko bokiti daga rijiya, ta sauke shi sau uku kafin ta kai madafa, kowace saukewa sai ta dafa gwiwa. Matar ƙanena tana jego, ba ta fita. Na ji kunya ta rufe ni. A ce ina malami, ana kirana Malam a gari, uwata tana jan ƙafa da bokiti? Nan take na rantse sai na kai mata ruwa har bakin murhu.

Ranar kasuwar 'Yankara na sami wani dattijo mutumin Sabuwa, mai aikin famfo ne, yakan baza kayansa a kasuwar. Na sayi tankin roba, da bututu, da kan famfo. Yana ɗaure mini kayan ya dube ni ya ce, "Malam, ka ɗauki gam da mahaɗi. Ka sa makulli a gindin tanki, don in wani abu ya hwaru ka iya tsai da ruwa. In ka gama haɗi, ka saki ruwa ka bar ramin buɗe kwana biyu kana kallo, kahin ka ruhe. Kuma kada ka bi ƙarƙashin gini, ko da akurkin kaji ne."

Na yi masa murmushin nan na 'yan boko. A raina na ce tallar kayansa yake yi. Ni da nake koya wa yara kimiyya, shi zai gaya mini yadda ruwa ke tafiya? Na sha ganin mutane a Ƙanƙara suna gasa bakin bututu a wuta, in ya yi laushi su cusa ɗaya cikin ɗaya, a naɗe da robar tayar babur, magana ta ƙare. Na ce masa na gode, na bar masa gam ɗinsa da makullinsa.

Na ɗora tankin a kan bulo kusa da zaure, inda injin ban-ruwan ƙanena zai iya jawo ruwa daga rijiya ya cika shi. Daga nan zuwa madafa, in ka miƙe sak, rumbun Baba ne a tsakani. In za a kewaye shi, sai an ƙaro bututu da gwiwoyin lanƙwasa, ga shi kasuwa sai wani makon, hutuna kuwa ya kusa ƙarewa. Rumbun a kan duwatsu yake zaune, akwai sarari a ƙarƙashinsa da kaji ke shiga. Na ce ai ga hanya nan Allah ya buɗe.

Ina cikin haƙa Baba ya fito ya tsaya a kaina.

"Ka kewaye rumbun nan," ya ce.

"Baba, ruwan cikin roba shike. Ba shi hita."

"Ka kewaye shi dai."

"Baba, a birni har ƙarƙashin bene ake bi da shi. Wannan ba komi ba ne."

Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya ce, "To. Kai ka yi karatu." Ya koma zaure. Ni kuwa a lokacin na ɗauka yabo ne.

Kamar da gangan, tsawon bututun farko ya ƙare daidai tsakiyar rumbun, wato haɗin a nan zai zauna. Na hura wutar kara, na gasa bakin, na cusa. Gefe ɗaya ya sha wuta fiye da kima, ya yi ja ya yi sirara. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Abin da na yi shi ne na juya wurin ya kalli ƙasa don kada wani ya gani, na naɗe da roba na ja da ƙarfi, na tura shi ƙarƙashin rumbu. A ranar na mayar da ƙasa na daddanna da ƙafa, don ina ɗokin a ga ruwa kafin in koma bakin aiki.

Ruwa kuwa ya zo. Inna ta murɗa kan famfon da yatsu biyu kamar zai cije ta, ruwa ya zubo cikin tukunya. Ta kalli tukunyar ta ce, "Allah shi yi wa mai aikin nan albarka." Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Na koma Ƙanƙara kaina ya kumbura, har na ba abokan aikina labari sau uku.

Wata biyu ba a cika ba, na zo gida na tarar da tanki wayam, Inna kuma tana jan ƙafa da bokiti daga rijiya. Na tambayi dalili. Ta juya wajen turmi ta ce, "Ruwan roba wari gare shi. Na rijiya ya hi daɗi." Na haɗiye fushina, na tayar da inji na cika tankin. Mako na gaba na sake tarar da shi a bushe. Matar ƙanena ce ta gaya mini abin da ake ciki: da na hau babur na bar gida, Inna sai ta buɗe famfo ta aika a kira maƙwabta, kowa ya zo ya ɗiba har tankin ya ƙare ƙaf a yini ɗaya, sannan ta hana a sake cikawa.

Zuciya ta ɗebe ni. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani, amma ranar na wuce iyaka. Na tsaya a tsakar gida na yi ta faɗa, ban ambaci kowa ba amma kowa ya san da wa nake. Na ce wasu mutane ko ka ɗauke su ka sa a inuwa sai sun koma rana. Na ce na sha wahala na kawo sauƙi an mai da shi sadakar unguwa. Na ce ƙauyanci ciwo ne. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da na yi shiru sai ta ce wa rariyar hannunta, "Kajin nan sun bar inuwar dalbejiya sun koma gindin rumbu. Ko mi sunka gani can?"

"Kaji inda sunka so suke kwanciya," na ce, na fice.

Ban tsaya nan ba. Na canza kan famfon da mai kwaɗo, na ba matar ƙanena mabuɗin, na ce a riƙa buɗewa ana tarar na girki kawai a rufe. Na kuma roƙi wani maƙwabcinmu ya riƙa tayar da injin tsakiyar mako yana cika tankin. Daga nan ruwa bai sake yankewa a cikin bututun ba, safe da yamma, duk tsawon rani. Sau ɗaya na ƙara jin Inna ta ce wa tsintsiyarta, "Ciyawa ta hito cikin rani, ikon Allah." Na yi kunnen uwar shegu da ita. Ina lura tankin yana saurin sauka, amma na ce zafi ne, ko kuma ana satar buɗewa. Baba kuwa idonsa ya fara yin yana, ba ya gani sosai, yininsa a zaure ne, kuma gefen rumbun da ke kallon katanga mai shara kaɗai ke duƙawa a wurin.

Ranar da abin ya fashe, bazara ta kankama, irin zafin da ko kare ba ya fita. Baba ya tafi ta'aziyya Ketare, zai kwana biyu. Na shigo da babur bayan azahar, ina neman inuwar da zan jingine shi, sai idona ya sauka a kan rumbun. Jinkarsa ta karkace kamar hular da aka tura gefe. Na ja baya na sake kallo. Ba jinkar ba ce, rumbun ne gaba ɗaya ya sunkuya wajen katanga.

Na zaga baya na duƙa. Ciyawa ce kore shar a wurin da ya kamata ya zama ƙura. Kwaɗi biyu suka yi tsalle suka shige ciki. Dutse ɗaya daga cikin waɗanda rumbun ke zaune a kai ya nutse, gindin rumbun ya taɓa ƙasa, gara kuma ta gina hanyoyinta ta hau sauran duwatsun ta shige. Ga wani wari mai tsami, irin na dawar da aka jiƙa don tsiro. Na miƙa yatsa na danna gindin rumbun. Yatsana ya shige kamar cikin tuwo.

Ban san lokacin da na fara salati ba. Na ruga na karɓi mabuɗi na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba a hankali, ina ji kamar in fasa tankin da gatari. Babu makulli a gindinsa, ni na ƙi saye, don haka babu yadda zan tsai da ruwan sai ya ƙare don kansa. Na kwanta rub da ciki da rigar aikina, na kutsa ƙarƙashin rumbun ina tona da hannu. Taɓo ne har gwiwar hannu. Na kai ga haɗin, na juyo shi. Daidai wurin da ya ƙone, wurin da na ɓoye, ya tsage, ruwa na fita siriri kamar zare. Abin da bai kai tsinin allura ba, shi ya yi wata huɗu yana aiki a ƙarƙashin abincinmu.

Abubuwan da na yi a yinin nan, mahaukaci ne kaɗai zai yi su. Na sake naɗa roba a wurin, kamar robar ce za ta dawo da jiya. Na kwaso toka da busasshiyar ƙasa na yi ta watsawa. Na nemo icce na tokare rumbun. Daga ƙarshe na ɗebo garwashi a kasko zan tura ƙarƙashinsa wai ya bushe. Ina duƙawa na ji muryar Inna a bayana, ta ce wa katanga, "Wuta ƙarƙashin jinka, cikin bazara?" Na aje kaskon.

Na yi tunanin in hau in fasa lakar in ga abin da ya rage. Na kawo tsani har na jingina, na kasa hawa. Ni da na raina kowace doka ta gidan, wannan ta gagare ni. Na yi tunanin 'yan uwan da za su iya taimaka mana da hatsi, na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina, na ga kowa gonarsa ta daji a kwance take kamar tamu. Na dubi jikokin gwaggo suna wasa da murfin kwano a tsakar gida, ba su san komai ba. Wallahi na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Na rasa inda zan sa kaina, na rasa wanda zan gaya wa, don wadda ya kamata in gaya wa ita na yi wa faɗa a gaban surukarta.

Gari na wayewa na hau babur na nufi Sabuwa. Hanya ce da a lokacin mutum ba ya bi sai dole, kuma shi kaɗai ba ya bi, amma ni tsoron abin da na bari a gida ya fi na hanya. A raina ina ganin in mai aikin famfon nan ya zo, zai san wata dabara, zai ce ai abin bai kai ciki ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfarsa. Ya gane ni. Ban gama bayani ba ya ɗauki jakar kayansa ya hau bayana.

Da muka iso ya zaga rumbun, ya duƙa, ya ɗebi taɓon ya murza, ya shinshina bangon. Na tsaya ina kallon bakinsa kamar mai jiran hukunci.

"Bututu aikin rabin awa ne," ya ce. "Abin da ke sama kau, ba aikina ba ne, Malam."

"Amma kana ganin ya kai ciki?"

"Ka ji warin da kanka."

Bai ce na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya bi layin bututun har madafa, ya tsaya a kan famfon, ya taɓa kwaɗon.

"Wa ya sa wanga?"

Na ce ni ne. Kuma don in rage wa kaina nauyi, na shiga ba shi labarin yadda tsohuwa ta riƙa rabar da ruwan ga maƙwabta tana barin tanki a bushe, ta koma rijiya da ciwon gwiwarta. Ina magana yana kallona. Da na gama ya rage murya, don Inna tana ƙofar ɗakinta.

"Malam, tsagar nan ƙarama ce. In ruwa ya wuce yini ɗaya ya ƙare, ƙasa za ta shanye, rana ta busar, babu abin da zai samu rumbu. Abin da ya kashe shi, ruwan da ya zauna cikin bututu kullum. Tsohuwar nan ba ɓarna take ba. Kwashe ruwan take daga gindin hatsi."

Komai ya dawo mini a jere: warin roba, da kaji, da ciyawa. Tun watan farko ta gani, ita da ke duƙawa da tsintsiya. Ba za ta iya gaya wa Baba ba, don mace ba ta zancen rumbu, kuma in ta yi, ta kai ƙarar ɗanta na fari gun ubansa ke nan. Ba za ta iya dubana ta ce aikinka ya lalace ba. Sai ta yi abin da take iyawa: ta zubar da sauƙin da aka kawo mata, ta koma ɗaukar bokiti da gwiwoyin nan, kuma ta yi ta gaya mini da yaren da ta raine ni da shi. Ni kuwa na saka mata da kwaɗo.

Baba ya dawo da la'asar. Na tare shi a zaure na durƙusa na faɗa masa komai, har da wurin da ya ƙone da na juya ƙasa. Bai zage ni ba. Ya tashi ya shiga gida, ya shafa bangon rumbun da tafin hannu tun daga sama har inda ya jiƙe. Ya aika aka kira maƙwabta biyu aka ɗage jinka. Sannan ya ce mini, "Riƙe mani tsani."

Na riƙe. Ina jin nauyinsa yana hawa, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, zai buɗe rumbunsa ba a lokacinsa ba. Ya fasa lakar. Wani huci mai ɗumi ya taso, warin ya cika gidan, har gwaggo ta toshe hanci da gyale. Ya fara miƙo dami. Irin shuka da ke sama lafiya lau. Layin da ke ƙarƙashinsa ma da dama. Na fara cewa a raina ko Allah ya rufa asiri. Daga nan damman suka fara fitowa da fumfuna fari-fari, sannan toka-toka, sannan baƙi. Na ƙasa ba su ma ɗauku ba. Sun manne sun zama abu ɗaya, tsiro ya fito ya ruɓe, gara ta mai da sauran ƙasa. Sai da aka fasa gefen rumbun aka yi ta kwasa da shebur. Ta wannan ɓarakar Inna ta fara ganin cikin rumbun mijinta, bayan shekara arba'in.

Aka baza tabarmi ko'ina a tsakar gida, mata suka zauna suna tsince zangarniya ɗaya-ɗaya. Abin da ya tsira da kyau bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Akwai na tsakiya, wanda ya yi fumfuna amma bai ruɓe ba, aka ware shi gefe. Babu wanda ya ce a zubar, don kowa ya san za a neme shi. Baba ya sauko ya zauna a kan turmi, yana kallon tulin baƙin da aka kwashe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ce ka kewaye." Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na ce a tone bututun duka a jefar, a sayar da tankin. Baba ya girgiza kai. "A bar mata hwamhwonta," ya ce. "Ƙahwarta ba ta yi laihi ba." Washegari mutumin Sabuwa ya ja sabon layi ta jikin fili, nesa da kowane gini, ya haɗa da gam, ya sa makulli a gindin tanki, ya ce a bar ramin a buɗe kwana biyu. Ni na haƙa ramin, ya ninka na farko tsawo. Kwaɗon kuwa da hannuna na cire shi na jefa a masai.

Daminar nan ta yi mana tsawo. Abinci ya koma sau ɗaya a yini, da kunu da safe. Aka sayar da tumakin Inna. Gwaggo ta kwashi jikokinta ta koma wajen wasu dangi a Mabai, tana cewa ziyara ce, alhali kowa ya san don a rage baki ne. Duk abin da na samu a gari na mai da shi hatsi na ɗauro a bayan babur, amma kamar ana zubawa a rami. Kowace Juma'a ina tafe gida ina jin kamar in juya, don ban san da wane ido zan kalli mutanen da na jefa cikin wannan hali ba.

Wata Asabar a tsakiyar damina na dawo daga gona, Inna ta aje kwano a ƙofar ɗakina ta ce wa bango, "Ga tuwo nan, mai shi ya sha rana." Na buɗe. Tuwon dawa ne mai kyau, babu wari babu ɗaci. Na ci ina jin wani sanyi a raina, ina cewa ashe mai kyaun ya yi auki, ashe ba a kai ga na gefe ba tukuna. Da na gama na ɗauki kwanon da kaina zan kai madafa, abin da ban saba yi ba.

Na same ta zaune a bayan murhu, kusa da famfon, ta ba ƙofa baya. Tuwon da ke gabanta baƙi-baƙi ne, tun daga bakin ƙofa na ji warin fumfunar. Tana gutsura kaɗan-kaɗan tana korawa da ruwa. A gefe ga ƙwarya cike da dawar nan ta tsakiya, an wanke ta an sake wankewa, tana tsanewa don gobe. Matar ƙanena ta gaya mini daga baya cewa tun farkon damina haka ake yi: mai kyaun na Baba ne da yara, da ni in na zo.

Ta ji motsina. Ta jawo faifai ta rufe kwanon da sauri. Na durƙusa a wurin da kwanona a hannu, na buɗe baki in nemi gafara, kuka ya riga maganar fita. Ni, malamin makaranta, da gemuna. Ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu ta murɗa famfon, ta tara moɗa, ta turo mini ita ta gefe, sannan ta ce wa tukunyar da ke kan murhu, "A gaya wa mai kukan nan shi sha ruwa. Ruwan ba shi da wari. Ban taɓa jin shina wari ba."